Aikin sati uku ya shafe: in watsar da Designer in rubuta komai da hannu?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Wata biyar ke nan ina gina manhajar ajiye bayanan kaya da Python. Da Tkinter, kayan gina tagogin manhaja da ke zuwa tare da Python, muka fara ni da abokina, ya ce tagogin sun yi kama da na zamanin da, muka yi ta musu har kwana biyu ba ma ga maciji, daga baya ma ya janye ya bar ni da aikin. Sai na koma PyQt5, wato kayan gina tagogi na Qt da ake amfani da su a Python. Ina jan maɓalli a Qt Designer, manhajar zana taga, ina ajiyewa, in juya fayil ɗin zanen (.ui) zuwa Python da pyuic5, sannan in rubuta aikin kowane maɓalli a cikin fayil ɗin da ya fito. Jiya maɓalli ɗaya tak na matsar, na sake juyawa. Ko layi ɗaya na abin da na rubuta bai rage ba. Yanzu ina zan dosa?

Injiniya: Wa alaikumussalam. Watsar da Designer ɗin, ƙanena. Shekaru na yi ina wannan sana'a, ban taɓa ganin alherinsa ba. In kana da gurbin cikewa talatin, a kod layi huɗu ne, ka sa su maimaita kansu. A Designer sai ka ja su ɗaya bayan ɗaya.

Malama: Sannu da wannan rashi. Amma laifin ba na Designer ba ne. Duba saman fayil ɗin, pyuic5 ya rubuta gargaɗi cewa duk gyaran hannu zai ɓace in an sake juyawa. Buɗe wani fayil daban, ka shigo da Ui_MainWindow, wato siffar tagar da pyuic5 ya fitar, ka kira setupUi ya gina ta, aikinka ya zauna can. Ko ka ɗauko .ui ɗin kai tsaye da loadUi. Kana ajiye aikinka a Git, mai adana tarihin kod?

Ɗan Koyo: Na ga gargaɗin Malama, amma haka na ga ana yi a wani bidiyo, kuma sati uku yana min aiki lafiya. Git kuwa ni kaɗai ne, da wa zan haɗa aiki?

Mai Java: Ni kam fayilolin nan sun ishe ni. A JavaFX, kayan gina tagogi na Java, harafi ɗaya na kuskure a fx:id, sunan da ke haɗa maɓalli da kod, fayil ɗin zane na FXML ya yi shiru, kod ya haɗu lafiya, sai da na danna maɓalli komai ya rushe. Har asuba ina nema. Wanda ya ba ni aikin ko sannu bai ce ba.

Injiniya: Kun ji ko? Kuma bari mutum biyu su taɓa .ui ɗaya, a zo haɗa XML ɗin, wato rubutun da ke cikin fayil ɗin, nan za a gane kurensu. Masu GTK, wasu kayan gina tagogin, ma su shaida, Glade, manhajarsu ta zana taga, bai bi su zuwa GTK 4 ba.

Malama: Injiniya, a yi adalci. Tun 2006 Microsoft ta kawo XAML, harshen siffanta taga, tare da WPF, kayanta na gina tagogi, Qt ta kawo irinsa, QML, a 2010. Raba siffar taga da aikinta ba wasan yara ba ne. Taga mai tsayayyen tsari a zana ta, mai sauyawa a rubuta ta.

Injiniya: Zane na masu tsoron kod ne.

Ɗan Koyo: Ni ba tsoro nake ji ba Yaya, lokaci ne ba ni da shi. Wani abu kuma, in na faɗaɗa tagar sai maɓallan su taru a kusurwa ɗaya, sauran fili wayam. Shi ma Designer ne?

Malama: A'a, ba ka sa su cikin QGridLayout, mai jera su bisa girman taga, ba ne. Ko da hannu ka rubuta, in da setGeometry ka kafe su, haka za su yi. Tagogi nawa ne ma a manhajar?

Ɗan Koyo: Da yawa. Ni dai ina ganin Tkinter ɗin zan koma, can ba abin da ya taɓa goge min aiki.

Mai Java: Akwai wanda ya san dalilin da Scene Builder, manhajar zana taga ta JavaFX, ke ƙin buɗe min fayil?