Don Allah ku duba min, manyan galaksin rediyo duk sun gudu nesa a giraf ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a fizik, furojet ɗina kan galaksi (manyan tarin taurari) masu fitar da igiyar rediyo ne. Na ɗauko jerin 3C na Kambirij, wato kundin abubuwan sama masu fitar da igiyar rediyo, na zana ƙarfinsu da nisansu, sai na ga masu ƙarfin duk suna can nesa, na kusa kuwa raunana, galaksin Cygnus A ce kawai ta fita zakka, tana kusa amma tana da ƙarfi. Sufabaiza ya zagaye giraf ɗin da jan biro ya rubuta "bayyana" ya yi tafiyarsa. Kuskure na yi ko haka abin yake? saura sati uku difens wallahi ko barci ba na yi.

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. 3C ba ya ɗaukar abu sai siginarsa ta kai wani mizani in ta iso nan. Ka tsaya bakin titi da daddare, fitilar tirela tun daga nesa za ka hango ta, aci-balbal ɗin mai shayi kuwa sai ka matso. Raunanan na nesa suna nan, jerin ne bai kama su ba.

Amsa ta 2:
Gaskiya ne Yaya amma kar yaron ya tsaya nan, za su kama shi a difens. Ko an gyara wannan, masu ƙarfin sun fi yawa a da, domin nesa a sama tsohon zamani ne, hasken ya daɗe a hanya. Wajen shekara biliyan 10 da suka wuce yawansu a fili mai girma ɗaya na sararin samaniya ya ninka na yau sau ɗaruruwa, lokacin iskar gas ta wadata, baƙin ramin (black hole) da ke tsakiyar galaksi yana cin gas ɗin yana feso abin da ke fitar da igiyar rediyon. Da irin wannan ƙirgen masanin taurari Martin Ryle ya ƙalubalanci takwaransa Fred Hoyle a 1961, shi Hoyle yana cewa sararin samaniya ba ya canzawa. Ka raba nisan gida-gida, ka ƙirga nawa ne a kowane fili, ka haɗo da wani jeri mai kama raunana.

Amsa ta 3:
Ka ware FR I da FR II ma, rabon galaksin rediyo gida biyu da masana Fanaroff da Riley suka yi a 1974 (FR I sun fi haske a tsakiya, FR II a gefe), masu ƙarfin naka galibi FR II ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To wane jerin zan haɗa da 3C ɗin, datata ta kusa ƙarewa kar in sauke wanda ba shi ba.