Neman kalma: me za mu kira "cooling pad" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan naɗi shiri kan zafin da laftof ke ɗauka yanzu da bazara ta kama. Zafin Kano a Afrilu yakan haura digiri 40, ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, in ya ƙi sauka ta mutu ɗif. Komai na fassara, saura farantin nan mai fanka da ake ɗora laftof a kai, a jona shi ta USB. Me zan ce masa?

Ɗaliba: Masanyayin kwamfuta.

Mai shirin rediyo: Na gwada, ƙanwata. Mai sauraro zai ɗauka firji ne ko iyakwandishan.

Malamin Hausa: Gammo! Gammon kwamfuta. Ana sa gammo tsakanin kai da kaya don kada a wahala, wannan ma tsakanin tebur da na'ura yake. Kalma ce tamu ta gado, 'yar talla ma ta san ta.

Mai gyara a Farm Center (kasuwar wayoyi da kwamfutoci a Kano): Malam, Allah ya gafarta, don Allah kada a saki wannan a rediyo. Gammo tsumma ne da ake naɗewa. Yawancin laftof ta ƙasa take shaƙar iska, ta fitar da mai zafin ta gefe ko ta baya. Aka ce gammo, gobe wani zai ninke zani ya sa mata a ƙasa, ya toshe ramukan. Jiya na buɗe ta wani yaro da kullum a kan katifa yake kallo da ita. Ƙurar hunturu da zaren bargo sun dunƙule a bakin fankar kamar audugar matashi, man da ke tsakanin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da bututun jan ƙarfe mai janye zafi ya bushe ƙamas. Da na goge na sa sabo, ƙarar da take yi ta tsaya. Abin da ake so a ɗaga ta kan abu mai tauri, iska ta ratsa. Mu a kasuwa kulin fad muke cewa, kowa yana ganewa.

Malamin Hausa: Kulin fad! Haka muka bar laftof da caja da maus suka shige mana. Ita fankar ma da kuke ta ambato baƙuwa ce, asalinta daga Indiya, Turawan mulki suka kawo mana ita. Muna da mafici tun kafin su zo.

Ɗaliba: To Malam, sabulu da alƙalami fa? Daga Larabci suka zo, ba wanda ya kore su.

Malamin Hausa: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru, sun zama 'yan gida. Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu suna jin kunyar kalmar Hausa, sai ta Turanci ce wayewa. Shekara 30 ina aji, ina ganin abin yana ƙaruwa.

Mai gyara a Farm Center: Ba kunya ba ce, Malam. In mutum ya shigo shagona ya ce a ba shi mafici, na kaba zan nuna masa inda ake sayarwa.

Mai shirin rediyo: Jama'a, dare na yi. Damuwar Malam tawa ce ni ma, shi ya sa ban ce kulin fad na wuce ba. Amma ba zan iya faɗin kalmar da za ta sa mutum ya ƙona injinsa ba. Mazauni mai fanka fa? Da farko in ce "mazauni mai fanka, wanda 'yan kasuwa ke kira kulin fad", daga nan in riƙe mazauni.

Mai gyara a Farm Center: Ya yi. Ka ƙara musu cewa ba ya maye gurbin share ƙura, kuma wanda ba shi da kuɗinsa ya tokare bayan laftof ɗin da marafan kwalba biyu.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, baki ba zai riƙe shi ba. Amma mazauni Hausa ce, ka je da shi gobe. Ni dai a ajina gammo zan ci gaba da cewa, in gaya musu na ƙarfe ne.