Ruwan bashin gida a Abuja: shawarwarin da aka bayar

A wata hira da ma'aikata suka yi a Kubwa kan mallakar gida, abin da ya fi damun kowa shi ne ruwan bashi. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwan bashinsa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci suna karɓar sama da kashi 20 a shekara. Yawanci ruwan nasu ba tsayayye ba ne, yana bin na Babban Banki, don haka biyan wata na iya tashi bayan ka sa hannu. Aka ce ka tambayi wannan kafin komai, kuma a rubuta maka amsar a yarjejeniya.

An fi daɗewa a kan asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda bankin lamunin gidaje na Gwamnatin Tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 na albashi, wanda ya yi wata 6 yana zubawa kuma zai iya neman rance a kashi 6, a biya har shekara 30. Sai dai akwai jira, kuma kuɗin ba zai sayi gida a Gwarinpa ba. Kuje ko Lugbe aka fi nunawa. A ganina, jiran ya fi bashin da zai cinye rabin albashi.

Masu gudun riba aka tura su bankunan Musulunci, Jaiz ko TAJBank, inda ake tsarin ijara, wato banki ya sayi gidan kana biyansa haya har ya zama naka, amma a lissafa jimillar abin da za a biya.

Takardun filin kuma a tantance su a ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, kafin a ba dillali ko sisi.