Neman kalma: me za mu kira "peer support" kafin safiyar Alhamis?

'Yar Gangare: Assalamu alaikum jama'a, ku agaza. Jibi Alhamis da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirin rediyo na 10 ga Satumba, ranar da duniya ta ware tun 2003 don rigakafin kashe kai. Baƙuwarmu likitar ƙwaƙwalwa ce, ta turo bayaninta da Turanci, kuma peer support ya fito kusan a kowane sakin layi. Abin nufi shi ne mutanen da suka daɗe suna fama da tunanin kashe kansu, wasu shekara da shekaru, su riƙa zama da waɗanda suka san abin a jikinsu, suna sauraron juna. Ba likita ba, ba mai wa'azi ba. Na rubuta "taimakon juna", furodusa ya ce wannan sunan ƙungiyar 'yan gwari ne.

Ɗan Bukuru: Tallafin takwarori. Haka na gani a takardun ƙungiyoyi.

Tsohon Malami: Takardun ƙungiyoyi ai su suka lalata mana harshe. Takwara mai sunanka ne. 'Yan jarida ne suka ja shi har ya zama "shugaban ƙasa ya gana da takwaransa". Tsara ita ce kalmar. Kuma ba sai an jera kalmomi uku ba, Hausa tana da hanyar ƙirƙira: tsara, tsarantaka, kamar abota da 'yan'uwantaka. Ni na ba da tsarantaka. Kalma ɗaya, mai tsabta.

Anti Nas: Allah ya gafarta Malam, tsara ai sa'ar haihuwa ce. A irin wannan zama za ka ga yarinya 'yar 22 da dattijuwa mai jikoki. Lalura ce ta haɗa su, ba shekaru ba.

Mai Shayin Terminus: Malam, da girmanka, ka maimaita kalmar nan sau uku da sauri. Tsohuwa a ƙauye za ta ji "tsarance". Ranar nan wayoyin gidan rediyon ba za su huta ba.

Tsohon Malami: Wanda kunnensa ya kai shi can, shi ya sani.

'Yar Gangare: Kafin mu yi nisa, akwai ta biyu. Na sa "tunanin kisan kai mai daɗewa". Ya yi?

Anti Nas: A'a ƙanwata, cire shi yanzu. Kisan kai shi ne mutum ya kashe wani, shi ake kai mutum kotu a kansa. Kashe kai shi ne namu. Kada kuma wani ya kawo miki ƙunar baƙin wake, a garin nan wannan kalma tana da nata tabon. "Mai daɗewa" ma bai faɗi komai ba. Abin da muke gani a asibiti shi ne tunanin yana zuwa, ya lafa, ya dawo. Ki ce "tunanin kashe kai mai kai-komo". Ki kuma guji "taɓin hankali" gaba ɗaya, da an ji shi an rufe rediyo. Lafiyar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa, sun wadatar.

Ɗan Bukuru: To ga wata: zumunta. Zumuntar masu damuwa.

Mai Shayin Terminus: A Jos ka ce zumunta, kowa zai hango matan coci da anko da tulu suna waƙa. Rabin masu sauraro za su ce ba da su ake ba.

Maman Tudun Wada: To mene ne laifin Zumuntar Mata? Shekara nawa muna ziyarar marasa lafiya da gidajen makoki kafin a kawo muku sunan Turanci? Ko a Littafi Mai Tsarki, 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba, ya ce ya tashi ya ci abinci. Amma na yarda, in ana son shirin ya shiga kowane gida, a nemo kalmar da ba ta da ɗarika.

Tsohon Malami: Matsalar ke nan. Ana so a auna Hausa da kunnen Jos, inda ake ce wa mace "ya zo". Daidaitacciyar Hausa tana da gida, kuma an san gidan. Mu da muka yi karatunta a Jami'ar Bayero ba za mu zuba ido a mayar da ita Hausar bariki ba.

Maman Tudun Wada: Baba, Hausar barikin nan da ita Birom da Angas da Bafulatani suke ciniki a kasuwar Faringada, da ita ake sulhu in gari ya rikice. Shirin nan ba a Kurmi za a saurare shi ba.

Ɗan Bukuru: Kanawan ma da kuke alfahari da su, Sakkwatawa cewa suke kun gajarce harshe.

Tsohon Malami: Kai yaro, ba da kai nake ba.

Mai Shayin Terminus: Ku bar faɗan, na samo. Adashin zuciya! Kowa ya zuba, kowa ya kwasa. Yau kai ne ake saurara, gobe kai ke sauraro. Ku faɗa min wace kalma ta fi wannan zama a baki. Ko taken shirin ma ya isa.

Ɗan Bukuru: Wallahi ta yi daɗi.

Mai Shayin Terminus: Mai haɗa zaman kuma uwar adashi. Kun ga komai ya zauna.

Tsohon Malami: Wasan yara. In karin magana ake so, Bahaushe ya gama magana tuntuni: abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Sai a ce abokan kuka. Ko da yake tsarantaka ta fi.

'Yar Gangare: Malam, abokan kuka ta taɓa ni, amma duk wanda ya ji rabin karin maganar zai ƙarasa sauran a zuciyarsa, kuma kalmar ƙarshen ce ba na so ta zauna a kunnen mai wannan lalura.

Lauya Mai Jiran Aiki: Ku yi haƙuri in sako wani abu, don yana shafar zaɓin kalma. Sashe na 231 na Penal Code da aka yi wa Arewa, da sashe na 327 na Criminal Code na Kudu, duk sun ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, da hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin shekara ɗaya. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. Mu kuma sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Tunani dai ba laifi ba ne a kowace doka, amma mutane ba su san haka ba. Duk sunan da ya yi kama da ƙungiya mai rajista da littafin sunaye, tsoro zai hana su zuwa. Ku guji "ƙungiya" da "kwamiti".

Anti Nas: Gaskiya ne. Kuma ba mu kaɗai muka sha wannan wahalar fassara ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda da ya fara shirin benci na abota a Harare, inda kakanni mata da aka horar suke zama a benci suna sauraron masu damuwa, bai tsaya neman fassarar sunan ciwon daga Turanci ba. Kalmar da 'yan Shona suke faɗa da bakinsu aka ɗauka, kufungisisa, wato yawan tunani. Mu ma ai "tunani ya yi masa yawa" muke cewa.

Ba Suna: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, na rubuta na goge sau biyu. Ni ce irin mutanen da kuke nema wa suna. Shekara tara ke nan abin yana zuwar min. Ina ganin likita, ina shan magani, ina ɗinki, ina da yara biyu, yawancin kwanaki lafiya lau. Amma yana nan, kamar sanyin Jos, ka san watansa zai zagayo.

Mu shida ne muke haɗuwa ran Asabar bayan la'asar a wani ɗaki da aka ara mana. Ba ma gaisuwar "lafiya lau". In ka zauna sai a tambaye ka, "yau nawa ne cikin goma?" Ka ce uku, ka ce bakwai, ba mai zaro ido, ba mai cewa ka yi istigfari. Na san ayar, Suratun Nisa'i aya ta 29, kada ku kashe kanku. An karanta min ita ya fi sau ɗari, kuma kusan kowa a nan yake tsayawa. Wata a cikinmu ce ta fara ƙarasa min ita, cewa lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku.

Yayana mai shayi, adashi ba zai yi ba. A adashi wanda bai zuba ba shi ake bi har gida. Akwai watan da na yi ina zuwa ban ce uffan ba, ba ni da abin zubawa, ba wanda ya bi ni bashi. Malam, kuka ma ba shi ne yawancin zaman ba. Makon jiya rabin lokacin a kan tsadar dankali ya tafi.

Kowannenmu yana da 'yar takarda a naɗe a bayan kwabar wayarsa. A tawa akwai alamomin da na san in sun fara abin ya taso: barci ya ƙaura, na daina ɗaga waya. Sai lambobi uku, da sunan wadda za ta zo ta kwana da ni ta kuma kwashe duk abin da bai kamata ya kasance kusa da ni ba a irin wannan dare. Mun yi alkawari tun farko, in mutum ya ce tara ko goma, ko ya ce ya fara shiri, zance ya ƙare, asibiti za mu raka shi. An raka ni sau ɗaya, cikin ruwan sama, a Keke. Na yi fushi da su kwana uku, yanzu kuwa ni ce mai raka wasu.

Ba mu taɓa zama mun raɗa suna ba. Amma in zan gaya wa mijina inda za ni, cewa nake "zan je wurin abokan tafiya."

Maman Tudun Wada: Allah ya ƙara miki ƙarfi, 'yata. Na gode da kika yi magana.

Mai Shayin Terminus: Na janye adashi. Ki yafe ni, Hajiya.

Anti Nas: 'Yar Gangare, ki sa wannan a shirin: tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Ki kuma faɗa ƙarara cewa zaman nan ba ya maye gurbin likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, ga kuma lambar gaggawa 112. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke rasuwa ta wannan hanya duk shekara, amma ki bar adadin a bakin likita, ke ki tsaya a kan masu rai.

Tsohon Malami: Baiwar Allah, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raya miki zuri'a. Ban ƙi taki ba. Sai dai a fannin harshe, abokin tafiya kowa ne, har wanda kuka haɗu a tashar Bauchi Road kuka rabu a Toro. Ba ta bambance komai ba, kuma sunan mutanen ta ba mu, ba sunan aikin ba.

'Yar Gangare: Malam yana da gaskiya a nan. Ga yadda zan yi. A buɗe shiri zan ce "zaman abokan tafiya, wato masu lalura iri ɗaya da ke dafa wa juna". Bayan nan sai in riƙa cewa abokan tafiya kawai. Inda likita take maganar aikin kansa, zan sa "dafa wa juna". Ba Suna, in kin amince zan faɗi zancen "nawa cikin goma" ba tare da unguwa ko sana'a ba.

Ba Suna: Na amince. Ki cire ranar Asabar ɗin ma.

Ɗan Bukuru: To takardun ƙungiyoyin fa? Su dai takwarori za su ci gaba da rubutawa.

Tsohon Malami: Su suka jiyo. Ni dai a littafina tsarantaka na rubuta, kuma ba zan goge ba. Ƙarfe nawa za a sa shirin?