Neman shawara kan wuyan gitar bas da ya lanƙwashe bayan canjin tsarkiya

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana gyaran kayan kiɗa a kan gitar bas mai tsarkiya huɗu, ƙirar Jazz Bass, wadda tsawon tsarkiyarta daga bakin wuya zuwa madogararta inci 34 ne. Na zaɓe ta ne saboda sirantar wuyanta, domin faɗinsa a sama kusan milimita 38 ne, alhali na wata ƙirar gitar bas mai suna Precision Bass ya haura milimita 41, ni kuwa yatsuna gajeru ne.

Matsalar ta faro ne bayan da na cire tsarkiyoyi masu kaushi masu lambar kauri 45 zuwa 105, na ɗaura masu santsi, waɗanda na fi son taushin amonsu duk da cewa sun fi ɗaurewa. Tun daga lokacin wuyan ya lanƙwaso gaba, tsarkiyoyin suka yi nesa da katako a tsakiya, har sai na danna da ƙarfi kafin sauti ya fita. Na riƙa matse sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake miƙar da shi da ita, kaɗan-kaɗan har ta daina juyawa, amma lanƙwasar ba ta gushe ba. Ga kuma hunturu ya busar da katakon, bakunan ƙarafan da ke jere a kansa sun fito suna kartar hannu.

Shin komawa ga tsarkiyoyi marasa kauri zai miƙar da shi, ko kuwa sai an kwance wuyan an sauya wani? Idan sauyawar ce mafita, shin wuyan da wani kamfani daban ya ƙera zai zauna daidai a gurbin?