Da Me Za A Auna Sojan Amurka A Afganistan?

Mun sha gardama a majalisarmu kan wannan, ga abin da na tsinta. Kada a ruɗu da saurin kama birni: Amurka ta fara luguden wuta a Oktoban 2001, tsakiyar Nuwamba Taliban sun bar Kabul. Ƙidayar gawarwakin abokan gaba kuwa, yaƙin da Amurka ta yi a Biyetnam ya nuna ba ma'auni ba ce.

Wani dattijo ya ce a fara tambayar me aka je nema, sannan wa ke da iko da ƙauye in dare ya yi. Nan na fi gamsuwa. An shekara kusan 20 ana horar da sojan gwamnatin Afganistan, amma ranar 15 ga Agusta 2021 Taliban suka shige Kabul ba turjiya. Washegari mutane na maƙale a jikin jirgin Amurka yana shirin tashi.