Sarewa a Cikin Gilashi

Ɗan Fatake:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sarin kaya ya kai ni Istanbul, sai na saci kwana biyu na gangara Konya, gidan tarihin Maulana Jalaluddin Rumi, shehin Sufaye kuma mawaƙi. A da zawiyyar muridansa ce, waɗanda ake kira darwishai, masu zikiri suna juyi, yau kuwa gidan kallo ne. Abin ya tsaya mini a rai. Amsa-amon “ya” ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah mai duniya,
Salati ga Ɗaha, hasken zuciya.

Fatauci ya kai ni ƙasar Turkawa,
Na bar kaya a masauki, na nufi Konya.

Koriyar kubba na fara hangowa,
Tsaginta sha shida, na ƙirga ɗaya-ɗaya.

A bakin ƙofa aka miƙo leda,
Na sa wa takalmi ina jin kunya.

Mu da muka saba da tuɓe namu
In za mu gaida mazan jiya.

Ga Maulana can ƙarƙashin kubba,
Da ɗansa Sultan Walad a makwanci ɗaya.

Mayafi mai zaren zinare a kansu,
Da rawuna biyu manya-manya.

Na zarce ɗakin da aka yi wa zikiri,
Inda a da darwishai kan juya.

Sarewar kara na kwance a gilashi,
Bakinta a buɗe, amma ba murya.

Busar da ka ji tana tashi a ɗakin,
Lasifika ce ke yi daga baya.

Ga carbi, ’ya’yansa kamar goriba,
Ba mai jan sa, ya zama maraya.

To iyayena ku warware mini,
Ga ni gabanku da ’yar tambaya:

Abin da aka yi domin ambato,
In an kulle shi, yana da moriya?

Mai Bandiri:

Wa alaikumus salam ɗana, barka da dawowa. Ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi.

Sannu da zuwa ɗana, ka sha hanya,
Zauna kusa da tsoho ka ji gaskiya.

Ba masu busa suka ajiye ta ba,
Hukuma ce ta karɓe da tsiya.

Zamanin Ataturk aka sa kwaɗo
A kowace zawiyya ta Turkiyya.

Aka ce wa shehi ya sauke rawani,
Muridi ya naɗe buzu ya juya baya.

Bandirina ya fi shekara talatin,
Gefensa ya yi baƙi, fata ta sha wuya.

In na mutu kar a rataye shi don kallo,
A ba yaron da hannunsa ya iya.

Ranar Maukibi ka same mu a Kabara,
Mu taka tare har Mai Giginya.

Ka ji yadda fata ke amsa sunan Allah,
Ƙura ta tashi har ta rufe samaniya.

Sarewar da ba a busa kara ce,
Irin na hura wuta a gindin tukunya.

Malamar Tarihi:

Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa, kun cinye “ya” ku biyu, ni “ba” zan kama. Kafin nan ga ɗan lissafi. Dokar rufe zawiyoyi da hubbarori ta fito a ƙarshen Nuwamba 1925. A 1926 aka yanke a mai da gidan Maulana gidan tarihi, sai a 1954 aka sa masa sunansa. Shi kuwa ya rasu a 1273, aka ɗaga kubbar a 1274. A ɗakin nan da ƙanena Ɗan Fatake ya shiga akwai kwafin Masnawi, littafin waƙoƙin Maulana, na 1278, juzu’i shida, baiti wajen 25,000.

Baffa, maganarka tana kan turba,
Amma ba ta kai ƙarshen zance ba.

Da an bar gidan da kwaɗo kawai,
Da yau ɗanka bai ga komai ba.

Shekara biyar da rasuwar mai shi
Aka gama kwafin, ban ƙara ko ɗaya ba.

Ya wuce shekara ɗari bakwai a duniya,
Har yau takardarsa ba ta ruɓe ba.

Mu kuwa gafakar kakanmu fa?
Da muka buɗe ba mu sami littafi ba.

Gara ta ci tun daga bismilla,
Ba ta bar mana ko tammat ba.

Mun ce albarka ce, kar a taɓa,
Ita gara ba ta ji wannan ba.

Na yi kuka ranar, Baffa, wallahi,
Har yau ban yafe wa kanmu ba.

Ƙanin Kowa:

Salamu alaikum manya. Ni ɗalibi ne, a yi haƙuri da ni. Na bi Anti a “ba”.

Yaya, ni abin da ya dame ni,
Ba zancen busa ko gara ba.

An ce akwai mutum-mutumi a madafa,
Da gemu da hula, ba masu rai ba.

A gidan da aka gina don sunan Allah,
Wannan bai kwanta mini ba.

In gidan kallo ne, kukan na mene?
In na ibada ne, ban gane kyamara ba.

Ɗan Fatake:

Ƙanena, ba ƙarya aka faɗa maka ba, suna nan. Amma bari ka ji abin da madafar take, don a nan na fi daɗewa. Wanda yake son shiga ɗariƙar ba a fara kai shi wurin juyi, ɗakin girki ake kai shi.

Madafar nan makaranta ce, ƙanena,
Hidimar kwana dubu da ɗaya.

Shara, ɗiban ruwa, wanke-wanke,
Cefane a kasuwa komai nisan tafiya.

Baƙo kan zauna a buzu bakin ƙofa,
Kwana uku yana kallo, ba hayaniya.

In bai dace ba, ba mai korar sa,
Takalminsa kawai za a juya.

Bakinsa ya dubi waje, shi ke nan,
Ya gane, ya fita, ba a ba shi kunya.

Su mutum-mutumin kuwa na bi bayanka,
Har sallama na yi wa ɗaya, ba ƙarya.

Amma wata tsohuwa na gani a ɗakin zikiri,
Gun wani ɗan akwati a tsakiya.

An ce gashin gemun Manzo ne a ciki,
Tsira da aminci ga Shugaban duniya.

Ta kai hancinta ga hudar gilashi,
Hawaye na bin kunci har wuya.

Mai gadi na cewa a matsa gaba,
Ita ko ba ta ma san yana nan ba.

Gwaggon Damagaram:

Kai ɗan nan, ka faɗa ramin Malama, baitinka na ƙarshe da “ba” ya fita! Ni tsohuwa ce, “wa” ta ishe ni. Na je wurin nan da babban ɗana shekarun baya. Ka ga wata ƙatuwar tasa ta tagulla? Wani sarkin Mongol, Abu Sa’id, shi ya aiko da ita. Ruwan saman watan Afrilu suke tarawa a ciki, a tsoma bakin rawanin Maulana, a ba marasa lafiya su sha. Da aka gaya mini sai na tuna rubutun da innata take ba mu. Na leƙa, a bushe take ƙamas.

Ni na je cikin sanyin Disamba,
Ƙafa da hannu suna daskarewa.

Sha bakwai ga wata Maulana ya bar duniya,
Su kuwa biki suke shiryawa.

Daren angwanci suke ce masa,
Daren da bawa da Mai shi ke saduwa.

Doguwar hula dutsen kabari ce,
Farar riga likkafani ce ta sawa.

Baƙar alkyabba ita ce ramin,
Ita suke fara tuɓewa.

Hannun dama sama yana karɓa,
Na hagu ƙasa yana rabawa.

Tikiti muka saya, muka hau kujeru,
Aka ce kar wanda ya yi tafawa.

Wani na juyi don albashi ne,
Wani ya yi nisa, ba ya jin kowa.

Na zuba ido in bambance su,
Har suka tsaya ban iya ganewa.

To duk wannan ba shi ya kawo ni ba. Ina tsarabata?

Mai Bandiri:

Hajiya, tasarki da ta bushe ai shaidata ce, na gode. Malama, ke kuma zo nan.

’Yata, kin kama ni a zancen gara,
Tawa gafakar ma ba ta da lafiya.

Rubutun mahaifina ne da alƙalamin kara,
Damina biyu ke nan ina jin tsoron dubiya.

Ki turo yaranki da na’urar hoto,
Su ɗauke shafi-shafi, aya-aya.

Bandiri kuwa ki cire rai da shi,
Jikana ya fara koyo tun shekaranjiya.

Malamar Tarihi:

Ranar Asabar in Allah ya yarda, Baffa. Kar a kakkaɓe takardun kafin mu zo, kuma don Allah kar a shanya su a rana.

Ƙanin Kowa:

Ni dai har yanzu ba wanda ya amsa mini zancen kyamara.

Ɗan Fatake:

Ƙanena, ni kaina hoto goma sha wani abu na ɗauka a harabar, ba ni da bakin amsa maka. Ka biyo shago gobe bayan la’asar mu ƙarasa. Gwaggo, Allah ya ja kwana, ban manta da ke ba.

Farar alewar Konya na riƙo miki,
Mai tauri, sai an tsotsa da dauriya.

Kilo guda ce da na baro garin,
Jikokinki sun tare ni a hanya.

Abin da ya saura na ƙulle a leda,
Direban Damagaram zai taho da ita da safiya.